Motata tana mutuwa idan ta yi zafi, kuma an canza famfon mai sau biyu

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin wutar mota, domin lamarin motata ya kai inda na rasa yadda zan ɓullo masa. Mota ce mai amfani da fetur, silinda huɗu, ƙirar shekarar 2006, kuma famfon manta yana cikin tanki, ana isa gare shi ta ƙarƙashin kujerar baya. Da safe bugu ɗaya take tashi, ba ta da wata gargada. Amma idan na yi tafiyar minti talatin ko arba'in, musamman a cikin cunkoso, sai ta fara shaƙewa, in taka totur ta ƙi amsawa, ta yi ta fizga, daga nan sai ta mutu. Idan na murɗa makulli injin yana juyawa da ƙarfinsa, sai dai ba ya kamawa, har sai na bar ta ta huce kamar minti ashirin, sannan ta tashi kamar babu abin da ya faru.

Bakaniken da na fara kai wa ya ce famfo ne ya gaji, aka sa sabo, motar ta yi lafiya kusan mako uku, sannan matsalar ta dawo. Na biyu ya ce wancan famfon jabu ne, shi ma ya sa wani, kuma ko mako biyu ba a yi ba muka koma gidan jiya. A gabana ya zare soket ɗin da ke kan tanki, ya sa mita, aka buɗe makulli, ta nuna volt 12, ya ce wuta tana zuwa lafiya lau, don haka babu ruwan wayoyi a wannan magana. Fis ɗin ma an duba, bai ƙone ba.

Abubuwa biyu na lura da su da kaina. Da safe idan na buɗe makulli ina jin ƙugin famfon sarai na ɗan lokaci kaɗan, amma idan motar ta mutu da zafi ƙugin yana fitowa a raunane, kamar na abin da ake shaƙe wa wuya. Na biyu kuma, allurar gejin mai takan yi wasa a daidai lokacin da motar ta fara fizga, ko da yake ban san ko wannan yana da alaƙa da matsalar ba. Yanzu ana ce mini in sayi famfo na uku, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Ina da mita ta auna wuta a gida, kuma zan iya bin bayani idan aka yi mini shi dalla-dalla.

Tsohon Ɗan Rewaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka dakata, kuma ina roƙonka kada ka sayi famfo na uku kafin ka yi awon da zan bayyana maka, domin da wuya famfo biyu sababbi su mutu a jere da alama iri ɗaya sak ba tare da wani abu a bayansu yana jawo hakan ba.

Bari in fara da awon da bakanikenka ya yi, saboda a nan ne mutane da yawa suke ɓata hanya. Ya zare soket, ya auna, ya ga volt 12, ya yanke hukunci cewa waya lafiya take. Abin da wannan awo ya tabbatar kawai shi ne cewa wayar ba ta tsinke gaba ɗaya ba. Mitar zamani kusan ba ta jan wuta ko kaɗan, domin turjiyar da ke cikinta, wato yadda take hana wuta wucewa, takan kai om miliyan 10, saboda haka ko silin tagulla guda ɗaya tak ne ya rage a cikin wayar, ko kuwa tsatsa ta cinye mahaɗa ta bar ɗan wuri kamar bakin allura, mita za ta nuna maka volt 12 cif. Famfon mai kuwa injin lantarki ne mai cin wuta, yawanci yana jan amfiya 4 zuwa 8 a irin motarka. Lissafin a bayyane yake: wutar da ke zubewa a hanya ita ce yawan amfiya sau turjiya. Idan akwai turjiyar om 1 kacal a wata ruɓaɓɓiyar mahaɗa, famfo kuma yana jan amfiya 5, to volt 5 sun tafi a wannan wuri sun zama zafi, abin da ya rage wa famfon bai wuce volt 7 ba. Da wannan zai yi ta juyawa a kasalance, ka ji ƙuginsa, amma ba zai iya tura mai da matsin da injin ke bukata ba, wanda a yawancin motoci irin taka yake wajen 3 zuwa 4 a ma'aunin matsi na bar. Raunin ƙugin da ka ce kana ji shi ne ya fi jan hankalina a cikin bayaninka.

Yana da kyau ka san hanyar da wutar take bi. Daga batir take zuwa fis, wanda galibi na amfiya 15 ne mai launin shuɗi ko na 20 mai launin rawaya, daga nan ta shiga rile, wato ɗan makunnin da ke buɗe wa famfo wuta yana rufewa, ta fita ta bi doguwar waya har zuwa kan tanki, ta ratsa famfo, sannan ta koma batir ta wata gajeriyar waya da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfen mota, wadda muke kira as. Wannan rabi na biyu, wato hanyar komawa, shi ne wanda ake yawan mantawa da shi, alhali kuwa duk wutar da ta shiga famfo sai ta bi ta cikinsa. Rilen kuma ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ita ce take ba shi umarni. Idan ka buɗe makulli takan kunna shi na kamar daƙiƙa biyu don mai ya cika layi, sannan ta kashe, ba za ta sake kunnawa ba sai ta samu saƙo cewa injin yana juyawa. Wanda bai san wannan ba yakan buɗe makulli, ya zagaya baya da mitarsa, ya tarar babu wuta, ya ce rile ya mutu.

Idan rilenka irin na gama-gari ne, za ka ga lambobi a ƙasansa kusa da ƙafafunsa: 30, 87, 85 da 86. Ƙafa ta 30 ita ce mai karɓar wuta daga batir, ta 87 ita ce mai kai ta ga famfo, 85 da 86 kuwa na naɗin wayar da ke jan maganaɗisu ne, kuma idan ka auna tsakaninsu turjiyar takan faɗo tsakanin om 50 zuwa 120. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka nemi wani rile a cikin akwatin fis mai lamba iri ɗaya, kamar na ham, ka musanya su, ka ga ko wani abu zai canza. Idan babu canji, sai ka cire rilen famfo, ka haɗa ramin 30 da na 87 da gajeriyar waya mai kauri wadda ke da fis a tsakiyarta. Ka tabbatar da ramukan tukuna ta hanyar zanen da ke jikin rilen, domin idan ka kuskure ka tura wuta cikin ramin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, kana iya ƙona ta. Da wannan haɗi famfon zai yi ta aiki ba tsayawa, ka samu sukunin yin awo.

Yanzu ga awon kansa, kuma soket yana jone za a yi shi, famfo yana juyawa. Ka zura siririyar allura ta bayan soket ɗin, inda waya take shiga, har ta taɓa ƙarfen ciki, ba tare da ka huda rigar wayar ba. Da farko ka auna batir, ka rubuta. Sannan ka auna tsakanin wayoyin famfo biyu, wato mai kawo wuta da ta as, waɗanda za ka gane su da kauri, domin sun fi na geji kauri. Bambancin da ke tsakanin awon nan biyu shi ne abin da ya zube a hanya. Don ka san a wane ɓangare ya zube, ka ƙara wa mitarka doguwar waya, ka sa baki ɗaya a kan batir mai alamar tarawa, ɗaya a wayar da ke kawo wa famfo wuta. Abin da mita ta nuna bai kamata ya wuce rabin volt ba. Daga nan ka sa baki ɗaya a kan batir mai alamar ɗebewa, ɗaya a wayar as ta famfo. A nan ina so in ga 0.2 ko ƙasa da haka. Ka yi wannan sau biyu, da safe mota tana sanyi, da kuma nan take bayan ta mutu da zafi, kafin ta huce, domin matsalar da zafi ke fito da ita ba ta bayyana a wurin mai gyara da sassafe.

Awon nan yana da iyaka guda: allurar da ka zura ta baya tana ganin wayar ne kafin bakin soket, don haka idan bakin ne da kansa ya ƙone ba za ta nuna ba. Saboda haka bayan ka gama, ka zare soket ɗin ka duba da ido a wuri mai haske. Baƙi-baƙi a ƙarfe, ko robar da ta narke ta canza launi, ko rami da ya buɗe ya daina kama ƙafar da kyau, duk shaida ce. Kuma kada ka manta kana aiki ne a kan tankin fetur: ka buɗe ƙofofi iska ta ratsa, babu sigari, babu gwada waya ta hanyar goga ta a ƙarfe don ganin tartsatsi, kuma haɗin da za ka yi ka yi shi can a akwatin fis, nesa da tanki.

Bakanike Mai Bincike ya rubuta:

Ranka ya daɗe, bayaninka ya gamsar, amma ina da ɗan ja a wuri guda. Mota ta yi zafi ta mutu, ta huce ta tashi, wannan ita ce sananniyar alamar lalacewar sensar kiranshaf, wato na'urar da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa injin yana juyawa, kuma na ga motoci da dama da aka yi ta canza musu famfo alhali ita ce mai laifi. Tunda kai da kanka ka ce ƙwaƙwalwa ba ta kunna rile sai ta samu saƙon juyawar injin, to idan sensar ta ɗauke, famfo zai tsaya, tartsatsin fulogi ma zai ɗauke, mai kallo kuma ya ɗauka famfo ne. Shawarata ga mai tambaya ita ce, idan ta mutu ya kalli allurar da ke nuna juyin injin yayin da yake murɗa makulli, domin a motoci da yawa takan ɗan motsa idan sensar tana aiki, sannan ya sa a duba ko akwai tartsatsi a fulogi. Ya kuma sa a jona na'urar karanta lambobin matsala, tunda motar 2006 ce tana da wurin jonawa a ƙarƙashin sitiyari. Lamba P0335 tana nuna da'irar sensar kiranshaf, P0230 kuma tana nuna da'irar da ke sarrafa rilen famfo. Wannan bai kai minti biyar ba, kuma zai iya rage masa wahalar kwance kujera.

Tsohon Ɗan Rewaya ya rubuta:

Maganarka tana kan hanya, ɗan'uwa, kuma na yarda a karanta lambobin, babu asara a ciki. Abin da ya sa ban sa sensar a gaba ba shi ne yadda motar take mutuwa. Sensar kiranshaf idan ta ɗauke, yawanci injin yakan mutu ne farat ɗaya, kamar an kashe makulli. Tasa kuwa tana shaƙewa, tana fizga, tana ƙin amsa totur kafin ta mutu, wanda ya fi kama da injin da mai yake yanke masa a hankali. Sannan ƙugin daƙiƙa biyun nan na buɗe makulli ba ya jiran saƙon sensa, to me zai raunana shi idan ba ƙarancin wuta ba? Sai kuma gejin mai. A wasu motoci famfo da geji suna tarayya a wurin as guda ɗaya, kuma idan wurin ya lalace, wutar famfo takan dagula awon gejin. Ya kamata kuma mai tambaya ya sani cewa rashin lamba ba ya wanke wayoyi, domin a motoci da yawa na wancan zamani ƙwaƙwalwa tana lura da ɓangaren umarnin rile ne kawai, ba ta ganin abin da ke faruwa tsakanin rile da tanki.

Direban Dogon Zango ya rubuta:

Ni ba ma'aikacin wuta ba ne, amma ina so in ja kunnen mai tambaya a kan abu guda, domin na tabbata za a ba shi wannan shawara idan ba a riga an ba shi ba. Wani zai ce a ja waya kai tsaye daga makulli zuwa famfo a huta. Kada ka yarda. An sa ƙwaƙwalwa ta riƙa kashe famfo idan injin ya tsaya ne saboda haɗari: idan mota ta yi karo, layin mai ya fashe, makulli kuma yana buɗe, famfon da aka ja wa waya kai tsaye zai ci gaba da feso fetur a kan injin mai zafi har sai tanki ya ƙare ko wuta ta tashi. Wasu motocin, kamar na Ford da yawa, har wani maɓalli na musamman suke da shi wanda ke yanke wutar famfo idan an yi karo mai ƙarfi, kuma sai an danna shi da hannu kafin motar ta sake tashi. Haɗin ramukan rile da Tsohon Ɗan Rewaya ya bayyana na gwaji ne na 'yan mintoci, a cire shi da zarar an gama.

Mai Neman Sani ya rubuta:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarwarin duka, ga kuma abin da na samu. An jona na'ura, babu lamba ko ɗaya. Na musanya rile da na ham, babu canji. Da motar ta mutu jiya na duba allurar juyin injin tana motsi yayin murɗa makulli, kuma akwai tartsatsi a fulogi.

Awon safe, injin a kashe, ramukan rile a haɗe da waya kamar yadda aka ce: batir 12.3, tsakanin wayoyin famfo 10.7, ɓangaren kawo wuta 0.4, ɓangaren as 1.2. Da rana na yi ta zagaye kusa da gida, kujerar baya a kwance, har ta mutu, na yi maza na sake aunawa: batir 12.3, tsakanin wayoyin famfo 7.3, ɓangaren kawo wuta 0.4, ɓangaren as 4.6. Na zare soket na duba bakinsa, fes yake, babu ƙuna. Malam, ina ganin na fahimci abin da lambobin suke faɗa, amma ina so in ji daga bakinka kafin in taɓa komai, kuma ban san inda wayar as ɗin ta ƙare ba.

Tsohon Ɗan Rewaya ya rubuta:

Madalla da wannan aiki, Malam, ka yi awo mai tsabta. Ɓangaren kawo wuta lafiya yake, wato fis da doguwar wayar sun fita daga zargi, rile kuma musanyar da ka yi ta wanke shi. Matsalar tana tsakanin soket da jikin mota, kuma tun da safe ma tana nan, domin 1.2 ya ninka abin da ya kamata har sau shida. Abin da ke faruwa shi ne, mahaɗar da ta lalace tana yin zafi saboda wutar da ke ratsa ta, zafin yana ƙara sassauta ta, turjiya ta ƙaru, zafi ya sake ƙaruwa, har a kai inda famfo ba zai iya riƙe matsin mai ba. Idan ka tsaya ta huce, sai ta ɗan koma daidai. Sabon famfo yakan jure ƙarancin wuta fiye da wanda ya sha aiki, kuma jijjiga wayoyin da ake yi wajen canza shi kan sa mahaɗar ta ɗan kama na wani lokaci, ina kyautata zaton shi ya sa kake samun sauƙin makonni bayan kowane canji.

Kafin ka kwance komai, ka tabbatar da zargin: ka ɗauki waya mai kauri, ka haɗa allurar da ke bayan wayar as da wani noti mai tsabta a jikin mota, tun famfo yana kashe, sannan ka je akwatin fis ka kunna shi. Idan ƙugin ya ɗaga nan take, awon ya koma kusa da na batir, magana ta ƙare. Daga nan sai ka bi wayar da hannu, galibi baƙa ce ko ruwan ƙasa ko fara mai ratsin baƙi, gwargwadon kamfanin da ya ƙera motar, za ta kai ka ga wani noti a ƙarƙashin kafet, ko gefen kujera, ko cikin but. Kana iya tafiya da bakin mita a kan hanyar: duk inda lambar ta faɗi daga abin da take nunawa a bayan soket zuwa kusan sifili, to ka tsallake wurin da ya lalace. Ka cire kan batir mai alamar ɗebewa kafin gyara. Idan zoben bakin wayar ya ci tsatsa, kada ka tsaya a gogewa kawai; ka yanke wayar har inda tagulla take ja tana sheƙi, ka matse sabon zobe da abin matsewa na gaskiya, ka kankare ƙarfen motar har ya yi fari, ka ɗaure tam, sannan ka shafa ɗan giris a sama don hana danshi. Ka kuma nemi inda ruwa yake shigowa, domin tsatsa ba ta zuwa wurin da yake a bushe.

Mai Neman Sani ya rubuta:

Na yi gwajin wayar, kuma ƙugin famfon ya canza a take, har wanda yake riƙe mini fitila ya ji bambancin. Na bi wayar ta kai ni ga wani noti a bayan rufin gefen but, ta ɓangaren hagu, inda wayoyi uku suka haɗu a zobe ɗaya. Kafet ɗin wurin a jiƙe yake, kuma na gano ruwan yana shigowa ne ta robar fitilar baya da ta tsage. Zoben ya yi kore shar, notin ya yi tsatsa, rigar wayar famfon ta ƙandare ta yi baƙi kamar tsawon ɗan yatsa, kuma da na ɗan ja ta sai ta zare a hannuna, silin tagulla uku ko huɗu ne kawai suke riƙe da ita. Na yanke, na sa sabon zobe kamar yadda ka ce, na canza robar fitilar.

Yanzu ɓangaren as yana nuna 0.1, famfo yana samun 11.8 injin a kashe. Yau kwana tara ke nan, na yi tafiyar awa biyu ba tsayawa har sau biyu, ba ta yi ko tari ba, allurar gejin mai ma ta daina wasa. Famfon farko da aka cire yana nan a ajiye a wurina, kuma ina da niyyar in kai a gwada shi, domin yanzu ina zargin lafiyarsa ƙalau tun farko.